LABARIN WANI GINI A AMURKA DA AKA SA WA SUNAN MAKKA

A birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, bisa titi na 55, akwai wani babban gini wanda in baƙo daga ƙasashen Musulmi ya tsaya gabansa zai yi tsammani masallaci ne. Ga ƙatuwar kubba a kansa, ga ƙofofi masu baka irin na masallatan Maroko, ga zane-zanen kore da shuɗi da rawaya, har da hoton jinjirin wata. Amma fa ba masallaci ba ne, waɗanda suka gina shi kuma ba Musulmi ba ne. Wata jam'iyyar zumunta ce ta Turawan Amurka ta gina shi don tarurrukanta na asiri, ta sa masa suna Mecca Temple, watau Haikalin Makka. Jam'iyyar ba ta yi ko shekara ashirin tana riƙe da shi ba ya kuɓuce mata, saura kaɗan ma a rushe shi. Tun 1943 sunansa City Center, watau Dandalin Birni, gidan wasanni ne na jama'a duka.

Labarinsa ya isa a ji, musamman ga mutanen da aikinsu ya shafi lissafin baitulmali da gine-ginen hukuma, gama ya nuna abin da ke tsai da gini da abin da ke kayar da shi.

SU WANE NE MASU GININ?

Kafin a fahimci ginin sai an san masu shi. A ƙasashen Turawa akwai wata tsohuwar jam'iyya ta maza zalla da a ke kira Firimeson. Asalinta daga ƙungiyoyin magina dutse ne na Ingila da Sikotilan, amma da tafiya ta yi tafiya sai attajirai da malamai da 'yan sarauta suka cika ta, ginin ya zama suna kawai. A shekarar 1717 zauruka huɗu na jam'iyyar suka haɗu a Landan suka kafa babban zaure guda. Mai shiga ya kan yi rantsuwa ba zai tona asirinsu ba. Suna da gaisuwar hannu da kalmomin da su kan gane juna da su, suna da matakan girma da mutum kan hau ɗaya bayan ɗaya. In sun taru su kan ɗaura farin warki na fatar ɗan rago, alamarsu kuwa kayan awon magini ne.

To, a shekarar 1870 waɗansu 'yan wannan jam'iyya a Niyu Yok sun saba haɗuwa cin abincin rana a wani gidan abinci. Cikinsu akwai wani likita, Walter Fleming, da wani mashahurin ɗan wasan kwaikwayo, William Florence. Suka ga al'amuran jam'iyyarsu sun cika nauyi da ɗaure fuska, suka yi shawarar kafa wani reshe wanda za a riƙa raha da shagali a cikinsa. Florence ya ce ya taɓa halartar wata liyafa a Faransa wadda wani jakadan Larabawa ya shirya, abin ya ƙayatar da shi ƙwarai. Sai suka ɗauki kamannin Larabawa suka yi wa sabon reshen riga da su. Fleming ya tsara ka'idodi da yadda za a shigar da sabon mutum. Ran 26 ga Satumba, 1872, mutum 13 suka kafa zaure na farko, suka kira shi Makka. Su ne a ke kira 'yan Shiraina.

Alamar da aka fi sanin su da ita jar dara ce mai baƙin tuntu, irin wadda mu ka sani, da sunan zauren mutum a rubuce a goshinta da zare mai ƙyalli. Tambarinsu takobi ne mai lanƙwasa, da jinjirin wata da tauraro a rataye. Su kan yi wa juna sallama da Larabci. Kowane sabon zaure aka buɗe a wani gari sai a ba shi suna daga ƙasashen Gabas: na Shikago Madina, waɗansu Dimashƙa, waɗansu Kudus. Har ma suka ƙaga labari wai jam'iyyarsu ta samo asali daga Makka tun zamanin Sahabbai. Wannan labari ba shi da tushe ko kaɗan, 'yan jam'iyyar na baya ma ba su tsaya a kansa ba. Galibinsu abin da suka sani game da Larabawa bai wuce tatsuniyoyin Dare Dubu Da Ɗaya da labaran matafiya ba. Babu shakka Musulmi ba zai ji daɗin ganin an ɗauki sunan gari mai alfarma an liƙa wa wurin shagali ba. Su kuwa masu yin ba su ɗauke shi wani abu ba face kayan ado, kamar mai aron riga ran salla bai san wanda ya saƙa ta ba.

Jam'iyyar ta bunƙasa ainun. Manyan mutane suka yi ta shiga, har shugabannin Amurka irin su Warren Harding da Franklin Roosevelt da Harry Truman duk sun sa darar. A farkon shekarun 1920 zauren Makka kaɗai yana da mutum fiye da 10,000.

YADDA AKA YI GININ

Taron mutum dubbai ba ya yiwuwa a ƙaramin ɗaki. Da can 'yan zauren Makka su kan yi hayar babban ɗakin kiɗa na Carnegie, wanda ke nan kusa. Mutanen Niyu Yok su kan ba da labari cewa hayaƙin tabarsu ne ya ishi masu wurin har suka sallame su. Ko ma dai mene ne, a 1921 suka sayi fili wanda ya ratsa daga titi na 55 zuwa na 56, suka ƙudura gina nasu na kansu wanda zai fi na kowa.

Wanda ya zana fasalin ginin sunansa Harry Knowles, shi ma ɗan Firimeson ne. Bai ga kammalarsa ba, ya rasu a 1923, wani kamfanin masu zanen gini da a ke kira Clinton da Russell ya ƙarasa aikin. An aza harsashi a 1923, aka yi bikin buɗewa ran 29 ga Disamba, 1924. Kuɗin da aka kashe ya kai kimanin dala 2,500,000. Abin lura shi ne ba duka ne kuɗin hannu ba. An sayar wa 'yan jam'iyya takardun bashi bisa alkawarin za a riƙa biyansu ruwa kowace shekara, an kuma jinginar da ginin. Watau tun ran da aka buɗe ƙofa akwai masu bin sa bashi suna jiran ƙarshen shekara.

Ginin kashi biyu ne manne da juna. Na gaba, mai fuskantar titi na 55, shi ne babban ɗakin taro. Na baya, mai fuskantar titi na 56, bene ne hawa 12, inda ofisoshi su ke da ɗakunan da ƙananan zauruka kan yi taronsu. A ƙarƙashin ƙasa kuma aka yi wani makeken ɗakin cin abinci don liyafa.

Fuskar gaba ita ce abin kallo. An yi ta da sassaƙaƙƙen dutse mai launin rairayi, bango ne tsaye mai faɗi, tagoginsa 'yan kaɗan ne kuma ƙanana. Wannan ya dace da masu shi, gama mutanen da ke taron asiri ba su bukatar mai leƙe. Duk adon sai aka tara shi a ƙasa wajen mashiga. Ƙofofi tara ne a jere, biyar a tsakiya, biyu biyu a gefe. Kowace ƙofa tana da baka a kanta, amma ba irin bakan gizon sorayenmu ba, wanda ƙafafunsa kan sauko su bi bango. Wannan bakan ya zarce rabin da'ira, sa'an nan ya matse daga ƙasa kamar kofaton doki. Irinsa ne a ke gani a tsohon masallacin Ƙurɗuba na Andalus da ƙofofin birnin Fas. Ginshiƙan dutse masu santsi ne ke ɗauke da bakunan, kewaye da su kuma an liƙa fale-falen gasasshen yumɓu mai ƙyalli, an zana ganyaye da furanni masu sarƙe da juna, da takobi da jinjirin wata na jam'iyya.

Kubbar ita ce ta fi kome girma. Faɗinta ƙafa 102, tsayinta ƙafa 54, an rufe ta da fale-falen yumɓu fiye da 28,000. Maginanmu kan tada tulluwa da azara da ƙasa, na Masar da Turkiyya kan tada kubba da dutse ko tubali, kowane ɗaya yana danne da ɗan'uwansa. Wannan kuwa ƙashinta ƙarfe ne, yumɓun sutura ce kawai. Haka ginin duka ya ke, ciki aikin injiniyan Amurka ne, waje tufafin Larabawa. Kubbar kuma tana da wani aiki wanda ba ya cikin littattafan ginin masallaci: an sa wata ƙatuwar fanka a cikinta don zuƙe hayaƙin taba daga ɗakin taro.

Cikin ɗakin taron, bayan kujerun ƙasa, akwai benen 'yan kallo hawa biyu waɗanda manyan ƙarafa ke riƙe da su, don kada ginshiƙai su tare wa mutane gani. Rufin da bangaye an cika su da zanen taurari masu kusurwa da yawa, da ruwan zinariya da ja da shuɗi. A farfajiyar bene an zana hotunan hamada. An kuma sa manyan kayan kiɗa masu bututu irin na coci guda huɗu, ɗaya a babban ɗaki, uku a ƙananan zauruka. Sai dai an tsara ɗakin ne don taron jam'iyya, inda mai jawabi da masu jerin gwano su ne abin kallo. Ba a bar wadataccen fili a gefen dandamali ba don masu wasa da kayansu, kujeru da yawa kuma ba su fuskanci dandamalin sosai ba. Wannan ya zama ciwon kai ga waɗanda suka gaji ginin har shekaru masu yawa.

RANAR BIYAN BASHI

Shekara biyar ba ta cika ba da buɗewa, a watan Oktoba na 1929, kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta faɗi. Bankuna suka yi ta rufewa, masana'antu suka sallami ma'aikata, attajirin jiya ya wayi gari yana neman na abinci. Jam'iyya irin wannan da kuɗin shekara na 'ya'yanta ta ke rayuwa, mutumin da ya rasa aiki kuwa kuɗin jam'iyya shi ne farkon abin da zai daina biya. Kuɗin shiga ya ragu, amma na fita bai ragu ba ko da anini. Ruwan bashi yana nan, harajin birni yana nan, ga kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki da hunturu, ga masu shara da masu gadi. Sun yi ta ba da hayar ɗakin ga masu kiɗa da masu taron siyasa, amma abin bai toshe ramin ba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Masu bashi suka karɓe ginin cikin shekarun 1930, su ma ba su iya da shi ba, haraji ya yi ta taruwa. A 1942 ginin ya faɗa hannun hukumar birni saboda bashin haraji.

Ba su kaɗai abin ya shafa ba. 'Yan'uwansu na birnin Atlanta sun fara wani ƙasaitaccen gini mai kubbobi da hasumiya, kuɗi ya ƙare musu tun kafin a gama, dole suka ba da hayar babban ɗakin ga wani mai gidajen siliman, William Fox. Aka buɗe shi ran Kirsimeti na 1929 da sunan Fox, ba da sunansu ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a ajiye kusa da wannan. A 1920 babban taron 'yan Shiraina ya yanke shawarar kowane ɗan jam'iyya ya riƙa ba da dala 2 a shekara don gina asibitin yara guragu, gama a lokacin shan inna ya addabi Amurka. Aka buɗe na farko a garin Shreveport a 1922, a na yi wa yara magani kyauta. Daga baya asibitocin suka kai 22, har da Kanada da Meziko. Dala bibbiyu da aka tara don marasa lafiya ta haye wannan masifa lafiya, miliyoyin da aka ranto don kubba kuwa suka tafi da kubbar.

MAGAJIN GARI YA SA BAKI

Da ginin ya zo hannun hukuma, shawarar da ta fi sauƙi ita ce a rushe shi a mai da filin wurin ajiye motoci. A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda zai zargi hukuma in ta yi haka. Amma shugaban majalisar birni, Newbold Morris, da Magajin Gari, Fiorello La Guardia, suka ga wata hanya. La Guardia ɗan makaɗin soja ne, yana son kiɗa tun yana yaro. Ya lura manyan gidajen wasa na Niyu Yok sai mai hali ke iya shigarsu, akawu da malamin makaranta da tela sai dai su ji labari. Suka ce ga ɗaki mai ɗaukar dubban mutane ya zo hannu a banza, me zai hana a mai da shi gidan wasa na talakawa, a sa kuɗin shiga kaɗan? Ƙungiyoyin ma'aikata da waɗansu masu hannu da shuni suka ba da gudunmawa, aka kafa hukumar da za ta riƙa tafiyar da shi ba don riba ba.

Ran 11 ga Disamba, 1943, aka sāke buɗe ginin da sabon suna. Babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin ta yi wasa, Magajin Gari da kansa ya karɓi sandar shugaban makaɗa ya jagoranci taken ƙasa. A watan Fabrairu na 1944 aka kafa ƙungiyar opera ta birni a ciki, watau wasan kwaikwayon da a ke yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Kujera mafi tsada ba ta wuce kimanin dala 2 ba. Leonard Bernstein, wanda daga baya ya shahara a duniya, ya shugabanci makaɗan gidan daga 1945 yana saurayi. A 1948 George Balanchine da Lincoln Kirstein suka kafa ƙungiyar rawar bale ta birnin a nan, wadda ta zama ɗaya daga cikin manya a duniya.

Wani abin da ya sāke shi ne wanda a ke bari ya shiga. A zamanin da aka yi ginin 'yan Shiraina ba su karɓar baƙar fata, har baƙaƙen Amurka suka kafa tasu jam'iyyar dabam a Shikago a 1893. To, a bisa dandamalin nan ne a 1945 Todd Duncan ya zama baƙar fata na farko da ya yi waƙa tare da wata babbar ƙungiyar opera ta Amurka. A shekara mai bi Camilla Williams ta fito a babban matsayi, ita ce baƙar mace ta farko da irin wannan ƙungiya ta ɗauka aiki sosai. Daga farkon shekarun 1970 kuma ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey, wanda shi ma baƙi ne, ta mai da gidan wurin wasanta na kowace shekara. Ƙofofin nan tara da a da sai mai kalmar asiri ke wucewa, yanzu tikiti kaɗai a ke tambaya.

GYARA BAYAN GYARA

Kada mai karatu ya zaci daga nan wahala ta ƙare. A 1964 ƙungiyar bale ta tashi zuwa sabon gida a Lincoln Center, a 1966 ta opera ta bi ta. Gida ya yi fayau. Cikin shekarun 1970 birnin Niyu Yok kansa ya kusa tsiyacewa, aka sāke tada maganar rushewa. Abin da ya cece shi a karo na biyu shi ne an samo masa sabon aiki, aka mai da shi matattarar ƙungiyoyin rawa. A 1983 hukumar birni ta sa shi cikin gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana a rushe ko a sāke musu fuska ba da izini ba. Ɗakin liyafa na ƙarƙashin ƙasa aka raba shi ya zama ƙananan ɗakunan wasa. A 2004 aka fara wani bikin rawa na shekara-shekara, kowace kujera dala 10, don a riƙe manufar La Guardia.

Cikin waɗannan shekaru an yi wa adon ciki abin da a kan yi wa ginin hukuma in kuɗi ya yi kaɗan, watau an bi shi da fenti mai launi ɗaya an shafe. Kubba kuma ta fara yoyo, sai da aka sāke mata fale-fale. A 2010 da 2011 aka yi babban gyara wanda ya ci dala miliyan hamsin da 'yan kai. Gwanaye suka riƙa kankare fenti a hankali, shafi bayan shafi, har suka iske launukan 1924, suka mai da su yadda su ke. Aka sāke jera kujeru don kowa ya ga dandamali, aka faɗaɗa su, adadinsu ya sauko daga 2,750 zuwa 2,257. Kuskuren da aka yi tun a takardar zane sai bayan shekara 87 aka rage shi.

In an kwatanta da ɗan'uwansa na Shikago za a ga sa'ar da ya yi. Wancan, mai sunan Madina, an gina shi a 1912. Da jam'iyya ta bar shi, a 2003 aka mai da shi kantin sayar da kayan ɗaki, aka fitar da kujeru da dandamali. A 2023 kuma aka buɗe gidan caca na wucin gadi a cikinsa. Bangon yana nan, kubbobin suna nan, amma abin da a ke yi a ciki ya dangana ga wanda ya biya haya.

To, jama'a, kun ji labarin Haikalin Makka na Niyu Yok. Waɗanda suka gina shi sun lissafa kuɗin dutse da na ƙarfe da na yumɓu, ba su lissafa abin da zai riƙa ci kowace shekara bayan an gama ba, ba su kuma tanadi abin yi ba in shekarar fari ta zo. Duk mai shirya kiyasin kuɗi ya san tada gini sau ɗaya a ke yi, riƙonsa kuwa kullum ne. Sau biyu aka ɗaga gatari a kansa, sau biyun kuma abin da ya tsai da hannun mai sara shi ne an sami mutane da yawa waɗanda ke da bukatarsa. Takobi da jinjirin wata na 'yan Shiraina suna nan bisa ƙofofin har yanzu, mutane na wucewa ƙarƙashinsu da tikiti a hannu, kaɗan ne ke ɗaga kai su tambayi ma'anarsu.